Daminar Da Muka Yi Jiran Fim Ɗin Mugaye

Abokina yana da in'ina tun muna firamare. Idan kalma ta maƙale masa sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, yana buga ƙafa a ƙasa kamar mai tayar da babur, har sai ta fito ko ya haƙura ya bar ta. Malamai sun daina ta da shi karatu a aji tun da wuri, wasu don tausayi, wasu don gajiya. Ni kuwa bakina ba ya zama, saboda haka muka dace: ni in yi surutu, shi ya yi dariya.

Abin da ya ƙulla mu sosai wasu littattafai ne da kawuna ya sayo a gwanjo a Kano, cike da kwali, don matarsa ta riƙa naɗe wa mutane ƙosai. Littattafan zane ne na Turawa, labari a cikin hotuna, maganar kowa a rubuce cikin ɗan da'ira a saman kansa. Muka riƙa roƙonta tana ba mu waɗanda mai bai taɓa ba. Da wuya ka sami cikakke. Wani farkonsa ya tafi da ƙosan wani, wani kuma daidai inda mugu ya ɗaga jarumi zai jefo shi daga saman bene, nan shafin ya ƙare. Sai mu zauna a bayan aji mu yi ta ƙarasa labarin da ka. A nan na fara lura da wani abu. Idan abokina ya sauya murya yana kwaikwayon mugun, in'inar tana ɗauke masa. Maganar ta riƙa zuba sumul, da kauri, har da dariyar ƙeta. Da ya koma muryarsa zai ce mini mu tafi gida, sai ta dawo.

Muka girma, kowa ya kama sana'arsa, amma ba mu yi nisa da juna ba. Ni na zama malamin Turanci a wata ƙaramar sakandare a gefen Gwarzo, ina zaune a Unguwar Tudu. Shi ya koyi gyaran waya, ya buɗe ɗan shago a Kabo kusa da tasha, yana gyara, yana caji, yana tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai. Gidansu yana wani ƙauye a ɓangaren Kutama, sai ranar Juma'a yake leƙawa. Ni kuma kusan kowace Asabar nakan hau babur in je Kabo in yini a bencin ƙofar shagonsa.

A farkon wata damina, ana cikin shuka, na isa na tarar mutane sun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Tallan wani fim ne da bai fito ba tukuna, ɗan gajere, kafin ka shanye kofin shayi ya ƙare. Daga irin littattafan nan namu na yarinta aka ɗauko labarin, amma wannan karon babu jarumi ko ɗaya. Mugayen aka tattaro, waɗanda a da jarumai suke kamawa, aka fito da su daga kurkuku aka haɗa su ƙungiya, za a aike su wani aiki da ba a faɗa ba. Akwai wata mace mai baƙar lema wadda ba ta rufe ta ko a cikin ɗaki. Akwai wani siririn tsoho mai tari. Sai wani ƙato da sarƙa a wuya da hannuwa, wanda bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Daf da ƙarewa aka nuna wata ƙofar ƙarfe tana buɗewa, wani mutum ya tsaya a bakinta, haske a bayansa, ba a ganin fuskarsa. Ƙaton ya ɗago kai ya dube shi. Allon ya yi baƙi.

Wannan mutum na bakin ƙofa shi ya cinye mana damina.

A cikin masu zama a bencin akwai wani ɗan acaba, gajere mai ƙarfin murya, wanda in ka ce ruwa fari ne zai ce maka ai ba ka duba da kyau ba. Shi ya fara yanke hukunci.

"Jarumin ne," ya ce. "Babban jarumin da ya kama su gaba ɗaya. An ɓata masa rai ne ya dawo wajensu. Ku dubi kafaɗarsa mana."

"Wace kafaɗa? Inuwa ce fa," na ce.

"Malam, kai Turanci ka karanta, ni kafaɗa na karanta. Kullum mutane ina ɗauka a bayana."

Aka yi dariya, aka sake kunnawa, aka tsayar da hoton, aka buɗe shi da yatsu har ya dagargaje ya zama ɗigo-ɗigo. Babu wanda ya ga komai, amma kowa ya tashi da tabbacin abin da ya gani.

Aikina a majalisar shi ne kawo labarin waje. Cikin mako nakan shiga intanet in karanta abin da masu bibiyar irin waɗannan fina-finai suke rubutawa, ranar Asabar in zo in fassara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne can ma bencin ne, ya fi namu tsawo kawai. Manyan mutane masu gemu, a ƙasashen da ban san yadda sanyinsu yake ba, sun zauna suna auna tsawon inuwar, suna kwatanta takalminta da na wani a wani tsohon littafi. Wasu suka ce jarumin ne, kamar yadda ɗan acaba ya faɗa, ranar da na kawo wannan labari sai da ya saya wa kowa rake. Wasu suka ce mace ce. Wasu suka ce masu fim ɗin sun ɗauki wurin da mutane daban-daban don kada asiri ya tonu. Kowa yana da wani da ya san wani da yake aiki a ciki.

Abokina bai cika sa baki ba. Gardama tana da sauri, shi kuma kafin kalmarsa ta fito an wuce wurin. Yana can ciki da ɗan sukudireba a hannu, kansa a sunkuye a kan wayar wani, yana murmushi. Na ɗauka abin bai dame shi ba.

Wata Asabar, ana tsakiyar noman farko, bencin babu kowa don duk an tafi gona, ya kira ni ciki ya miƙo mini abin ji na kunne. Tallan ne dai, amma an cire Turancin an sa Hausa, irin yadda masu fassarar fina-finai na Kano suke yi. Mace mai lema ta yi magana da siririyar murya mai sanyi da raini. Tsoho mai tari ya yi magana kamar dillalin da ya daɗe a kasuwar shanu. Sai da na ji dariyar ƙetar nan da na sani tun bayan aji na gane duk muryoyin nasa ne. Da rana yake yi, lokacin da mai injin niƙa na kusa ya kashe injinsa, ya lulluɓe kansa da bargo ya yi magana a waya.

Amma ba fassara ya yi ba, labari ya sa. Ƙaton nan da bai ce komai ba shi ya fi kowa magana a nasa. Ya ba shi murya mai nauyi, a hankali, kamar tunanin zuci. Ƙaton yana cewa tun yana yaro ba a taɓa tambayarsa me ya faru ba a tsaya a ji amsa. Ranar da aka kama shi ya buɗe baki zai yi bayani, kafin ya haɗa kalma an rufe ƙofa. Daga nan ya bar magana, tunda ba ta taɓa fitar da shi ba. Da ƙofar ƙarfen ta buɗe, ƙaton ya ɗago kai, sai muryar ta ce, can ƙasa, "Baba, kai ne?" Allon ya yi baƙi.

Na cire abin kunnen. Malamin da ke cikina ne ya fara magana.

"Ai ba haka suka ce ba. Matar nan cewa ta yi a rufe taga, kai ka sa ta tana zagin kakan tsohon. Kuma babu inda aka ce uban ƙaton ne."

"Wa-wa-wa ya sani?" ya ce. "Su ma na-na intanet ɗin naka, ba ca-ca-canka suke yi ba?"

Na ce ya sake kunna mini.

Ya tura wa mutum biyu ko uku da suka kawo caji, bai ce musu shi ya yi ba. Daga nan abin ya fita hannunsa, daga waya zuwa waya, daga tasha zuwa ƙauyuka. Kafin gero ya yi ciki, ɗalibaina a Gwarzo suna ba ni labarin fim ɗin a matsayin abin da aka riga aka sani: ƙaton uba gare shi, uban ne ya ba da shi aka ɗaure, yanzu ya zo neman gafara. Wata ɗaliba ta rantse mini yayanta ya kalli fim ɗin gaba ɗaya a Kano. Ɗan acaba ya yi fushi, ya ce wannan mai fassarar maƙaryaci ne, ya faɗa a gaban abokina, abokina yana ɗaura batiri yana gyaɗa kai. Sai abokina ya ƙara yin wani, da wani, duk a kan ɗan tallan nan guda. A wani tsoho mai tari ne maci amana. A wani macen tana ɓoye wasu yara a gidanta. Amma ƙaton da ubansa ba su taɓa canzawa ba.

Mahaifin abokina, wanda ni ma Baba nake ce masa, dogon mutum ne siriri, asalinsu makiyaya ne, kakansa ya zauna ya kama noma. Yana da shanun huɗa da yake ji da su, yana kuma da sauri a komai: tafiya, cin abinci, yanke magana. Ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya zagi ɗansa a kan in'ina ba. Abin da yake yi shi ne ƙarasa masa magana. Abokina zai fara, "Baba, ina so in…" ya maƙale, sai Baba ya ce, "Ka tafi Kabo? To, Allah ya kiyaye hanya," ya juya. Sau da yawa ba abin da yake son faɗa ke nan ba. A ganin Baba taimako ne, yana rage wa yaro wahala. Haka suka rayu, uban yana amsa tambayoyin da ba a yi ba, ɗan yana tafiya da nasa a ciki.

Ƙanwar abokina ce ta ba mu labarin yadda abin ya kai ga Baba. Ana hutun rana a gona, a gindin ɗorawa, wani maƙwabcinsu ya kunna a waya. Baba, wanda ba ya kallon fim, ya ce a kashe wannan shirme. Ba a kashe ba, ya ji muryar ƙaton, sai ya kasa kunne. Da ya ƙare ya ce a sake. Da ya dawo gida yana wanke ƙafa yake gaya wa Inna, mahaifiyar abokina, cewa akwai wani mai fassara a Kano, Allah ya ba shi baki, magana yake ajiyewa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera ƙwai. Ƙanwar ta san komai, don ita yake fara tura wa. Dariya ta ƙwace mata har ta zubar da ruwan da take ɗauke da shi. Baba ya tsare ta da tambaya, ta faɗa.

"Ƙarya kike yi," ya ce.

"Wallahi Baba, Yaya ne."

Ta ce ranar tuwonsa ma bai cinye ba.

Asabar ɗin da ta biyo ina bencin sai ga Baba a kan kekensa, tun daga Kutama, rigarsa duk taɓo a gefe don an yi ruwa da safe. Bai taɓa zuwa shagon ba. Na tashi na durƙusa.

"Baba, barka da zuwa. Ina wuni? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya makaranta? Ya yaran? Ya mutanen Unguwar Tudu?"

"Duk lafiya, Baba. Ya damina? Ya su Inna? Ya shanu?"

"Alhamdu lillahi. Ruwa ya yi gyara."

Abokina ya fito ya durƙusa, gaisuwar ta maƙale masa tun a kalmar farko. Baba ya amsa kafin ta fito, kamar kullum. Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce a kunna masa abin nan na ƙato. Abokina ya dube ni. Ni na karɓi wayar na kunna. Muka zauna mu uku muna ji, motoci suna wucewa, mai injin niƙa yana ta aikinsa. Da aka zo "Baba, kai ne?" sai na kawar da kai na dubi titi.

"Kai ne wannan?" Baba ya tambaya.

"Ni-ni-ni ne, Baba."

"Duk muryoyin?"

Ya gyaɗa kai.

"To kai da kake da wannan a bakinka, me ya sa ni ban taɓa ji ba?"

Abokina ya buɗe baki, ta maƙale. Jijiyar wuya ta tashi, ƙafa ta fara buga ƙasa. Na ga leɓen Baba ya motsa zai ƙarasa masa, sai dai wannan karon bai san abin da zai ƙarasa ba, tunda shi ya yi tambayar. Dole ya jira. Jiran ya yi tsawo har ni kaina na ji zufa.

"Ita wa-wa-wayar, Baba," ya ce a ƙarshe, idonsa a ƙasa, "ba ta sa-sauri."

Baba ya juya hularsa a hannu. Na zaci zai yi faɗa, ko ya tashi. Sai ya nuna wayar da haɓa.

"Mayar da shi baya. Wurin tsohon nan mai tari."

Na mayar. Ya matso da fuskarsa ya kalla da kyau.

"Wannan ne zai sayar da su," ya ce. "Ku duba, kowa yana kallon ƙofa, shi yana kallon hannuwan 'yan uwansa. Na ga irinsa lokacin da ɓarayin shanu suka addabe mu ina saurayi. Ba a kama su da ƙarfi ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya zo da kansa ya tona musu asiri, don an raba an ba shi maraƙi mara lafiya. Mugaye ba sa daɗewa a inuwa ɗaya."

Daidai nan ɗan acaba ya iso, ya ji ƙarshen maganar, ya gaishe da Baba da ladabi, sannan ya ce da izini shi bai yarda ba. Baba ya gyara zama. Sai da aka kira la'asar suka rabu, kowa yana kan bakarsa.

Tun daga ranar Baba ya shiga sahun masu jira. Duk Juma'ar da abokina ya je gida, tambayar farko bayan gaisuwa ita ce, "Ya fito?" Aka ɗage ranar fitowar, na karanta a intanet na kawo labari, Baba ya aiko a gaya mini shi ya san za a yi haka, masu fim ɗin sun ga mutane sun gano tsoho mai tari ne shi ya sa suka koma gyara. Game da mutumin bakin ƙofa kuwa bai taɓa cewa komai ba. Da na tambaye shi kai tsaye, sai ya ce shi wannan bai duba shi da kyau ba.

Na sha tunanin abin da ya sa manyan mutane, masu iyali da gonaki, muka ba wa ɗan talla wannan muhimmanci. Ina ganin don babu jarumi ne. Jarumi an san abin da zai yi tun kafin ya tashi, babu abin canka a kansa. Mugu kuwa da aka ba dama ta biyu, kowa yana da ra'ayi a kansa, domin kowa ya san wani irinsa a unguwa, ko a gida. Ɗan acaba, wanda ya taɓa aikin gadi aka sallame shi ba da laifinsa ba, ya dage mutumin kirki ne aka ɓata wa rai. Baba ya ga maci amana. Ni, da na saba da jiran amsa daga littafi, na riƙa ɗauko abin da wasu suka ce ina kawowa, ban taɓa faɗar nawa ba, don ban da shi. Wannan ya ɗan dame ni da na gane.

Fim ɗin ya iso hannunmu bayan an yi girbi, an ɗaure dawa. Baba ya ce a gidansa za a kalla. Muka ɗauki ƙaramar talabijin ta shago da batirin sola, ɗan acaba ya goya abokina da kayan, ni ina biye. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure bayan azahar, aka rataya buhu a taga don haske. Maƙwabta suka cika wurin, mata suna leƙe daga ƙofar ciki. Fim ɗin da Turanci yake, ba a fassara shi ba tukuna. Kowa ya san wanda zai fassara. Muka shirya ni in riƙa raɗa masa ma'anar abin da ya wuce shi, shi ya faɗa.

Ya zauna gaba, dab da allo, ya ba jama'a baya. Farkon ya yi muni. Babu bargo, babu waya, ga ubansa a bayansa. Jimlar farko ta maƙale, ta biyu ma. Wani yaro ya yi dariya aka buge masa ƙeya. Sai mace mai lema ta shigo tana yatsina, abokina ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya siranta murya, maganar ta zubo. Daga nan ya tafi. Lokaci-lokaci, idan zai yi bayani da muryarsa, takan kama shi, zauren ya yi tsit har ta sake shi.

Fim ɗin kuwa bai ji tausayin kowa ba. Ƙaton da muka gina wa rayuwa guda bai kai tsakiya ba, gini ya faɗo masa, aka wuce kamar ba a yi ba. Ba shi da uba, ba shi da labari, kuma dalilin shirunsa wai wani abu ne aka sa masa a wuya. Tsoho mai tari bai sayar da kowa ba, shi ne ma mai ba da dariya. Ƙofar ƙarfe ta buɗe can kusa da farko, mutumin ya shigo cikin haske, sai ga wani jami'i mai tabarau da ba wanda ya san shi, ya karanta musu sharuɗɗa ya fita, ba a sake ganinsa ba.

"Shi ke nan?" ɗan acaba ya ce. "Wannan ne?"

"Shi ne," na ce.

"Kai, an cuce mu."

Da ginin ya danne ƙaton, abokina ya daina fassarawa, ba don in'ina ba. Baba ya yi gyaran murya daga baya.

"Ba haka ka faɗa ba."

"Ha-haka suka yi, Baba."

"To sun yi kuskure," Baba ya ce. Zauren ya ɗauki dariya, shi bai yi ba.

Aka tsayar aka yi la'asar, wasu ba su dawo ba. Mu muka ƙarasa. Akwai harbe-harbe da fashe-fashe masu kyau, ba zan ce fim ɗin banza ne ba. Washegari na shiga intanet na tarar can ma ana ta fushi, kowa yana cewa nasa labarin ya fi. Kafin mako ya zagayo sun koma kan tallan wani fim ɗin. A Kabo kuwa mutane sun ci gaba da zuwa a tura musu na abokina. Wasu har yau sun ɗauka shi ne na gaskiya, wancan dogon kwaikwayo ne.

Bayan bikin sallah abokina ya je Kano da abin da ya yi, ya nuna wa masu fassara. Sun yaba muryar, amma suka ce barkwanci ake so da sauri, nasa ya yi nauyi. Sukan kira shi jefi-jefi idan suna son muryar tsoho ko ta mugu, ya je ya dawo. Shagon bai rufe ba. Masu maganin gargajiya da masu sayar da iri suna kawo masa ya yi musu tallan da suke sawa a lasifika ranar kasuwa, saboda haka in ka ratsa Kabo ko Gwarzo da wuya ba ka ji shi ba, yana rantsuwa da muryar wani dattijo cewa wannan irin masara ba ya jin fari.

In'inar tana nan yadda take. Baba ma bai zama wani mutum daban ba, har yanzu yakan ƙarasa masa magana, musamman in yana sauri. Amma zuwana na ƙarshe ƙauyen, daminar bara, na same su a bakin gona suna gardama a kan ko a sayar da bijimi ɗaya a sayi injin ban ruwa. Abokina ne yake son injin. Yana kawo hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta maƙale kafin ta fito, Baba yana tsaye ya dogara da fartanya, yana tauna ɗan kara, yana jira ta ƙare don ya rushe ta. Na gaishe su, suka amsa a gajarce. Na ga abin ba mai ƙarewa ba ne da wuri, sai na wuce cikin gida wajen Inna, ta dama mini fura.